Mai Riƙon Asusu da Jiragen Fito

Kin ce a wurin aikinku kuna tara dukiyar mutane a asusu ɗaya, ku saya musu hannun jari a kamfanonin ƙasashen da kasuwarsu ke tasowa, kuma yanzu zuciyarki ta ƙi yarda a rabu da kamfanin da ya fara ɗaga asusun. To, zauna, 'yata, in ba ki misali. Wannan aikin ya girmi ofisoshinku.

Tun muna ƙanana, akwai wani gari a bakin babban kogi, inda kasuwa ta fara ci a gindin giginyu. Da fari masu kifi ne da masu gishiri, sai ga fataken kudu da goro da manja, ga na arewa da kanwa da fatu. Mutanen garin suka ga arziki na tahowa, amma ba mai ƙarfin tarbarsa shi kaɗai. Sai suka haɗa abin hannunsu, mata masu kaɗi da masu ƙuli-ƙuli, manoman gyaɗa, da tsoffin sojojin da suka dawo da ɗan abin sallama, suka damƙa wa wani tsohon falke da ƙafarsa ta gaji da hanya, wanda ba a taɓa jin ya ci amana ba. Shi kuwa bai buɗe rumfar kansa ba. Sai ya bi kasuwa yana duba wanda hannunsa ke da albarka, ya sa jari a sana'arsa, a raba riba. Ya sa a rumbun gishiri, ya sa a maƙera, ya sa a injin niƙa na farko da ya shigo garin. Amma kaso mafi tsoka a jiragen fito ya zuba shi, don duk abin da zai ci kasuwar nan sai ya haye ruwa.

Wanda bai ga mashigin nan ranar kasuwa ba, an yi kallo ba shi. Jirage a jere, masu fito tsaye da dogayen sandunan gora suna waƙa suna amsa wa juna, jakai na tirjiya a bakin ruwa, ƙanshin soyayyen kifi ya cika wurin har hayi. Duk kaka matan nan sukan karɓi rabonsu, a ɗinka wa yara kayan salla, a sake jinkar ɗaki. Tsohon falken kuma ya ƙulla abota da sarkin fito, har ta kai ba mai cin tuwo sai ɗan'uwansa na kusa.

Ana nan, wani rani baƙi suka zo da manyan motoci, suka fara kafa ƙarafa a cikin yashi, sama kaɗan da mashigi. Aka ce gada za a yi. Mutane suka yi ta dariya, wai wannan kogin da ke haɗiye gonaki da damina ne za a ɗora wa siminti? Tsohon bai yi dariya ba. Ya ga ginshiƙin farko ya sha ambaliya bai ko motsa ba, daga nan abinci ya daina yi masa daɗi. Wasu jiragen shi ya zaɓo itacensu, ya san kowane mai fito da iyalinsa. Amma dukiyar ba tasa ba ce, ta irin su tsohuwar da ta yi kaɗi har idonta ya dushe ce.

Bai yi abin a ɓoye ba. Ya sami amininsa ya ce, "Sarki, zan janye jarin mutane daga ruwa. Ka ba ni manyan 'ya'yanka su koyi tuƙi, asusu zai sayi mota, su riƙe ta." Sarkin fito ya ce, "Malam, a jirgi ubana ya tsufa. Ɗauki yaran, ni ka bar ni da ruwana."

Tsohon ya sayar da jiragen asusu ga masuntan ƙasan kogi tun suna da daraja, ya mai da jarin kan motar kaya, da rumfunan da ke daf da inda gada za ta sauka, da shagon wani mai faci. Gari ya ɗauki surutu, wasu na cewa tsufa ya taɓa shi, wasu na cewa ya yi wa abokinsa butulci. Har wasu suka zare rabonsu suka zuba a jiragen da suka rage. Ya ba kowa nasa, ya ci gaba da abin da ya sa gaba.

Da aka buɗe gada, kasuwa ta kwashe ta koma gindin gadar kamar an kira ta. Ciyawa ta rufe mashigi, jirage suka kife a kan yashi, awaki na kwana a inuwarsu. Waɗanda suka zare rabonsu suka tashi da busasshen katako. Matan asusu kuwa ba kakar da ta wuce su hannu rabbana.

Sai dai shi tsohon bai taɓa jin daɗin sabuwar kasuwar ba. Warin man mota na sa shi tari, kuma ba wanda ke waƙa. Yakan gama zagayensa, ya dogara sanda ya gangara tsohon mashigi, inda sarkin fito ya rage da jirgi ɗaya tak. Ya biya kuɗin fito, a haye da shi, a dawo da shi, alhali ba abin da ya kai shi hayin. Haka suka yi ta yi har rai ya yi halinsa.

Tsohon falken ya so tsohuwar rawa har kabarinsa, amma bai bar waɗanda suka dogara da shi suna taka ta bayan makaɗa sun tashi ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.