Soket Ɗin da Ba Ya Mutuwa

Wani ne ya yi wa motar nan aikin banza, kuma yau sai ya yi bayani a gaban jama'a. Da wannan niyyar Malama ta kutsa gareji, a motar da sai da maƙwabta suka tura kafin ta tashi.

Motar tata ce, ta dai bar wa maigidanta yana zuwa ofis da ita. Kwanan nan kusan kullum da safe batir a mace. In ta yi magana ya ce ta bari zai duba, bai taɓa dubawa ba. Yau ranar hutu yana barci ta zari makulli. Sai da ta ɗago kujerar direba, don an kwantar da ita kamar gado, ta kuma goge kashin tsuntsaye a gilashi tana tsaki. Abu ɗaya da ta yaba, mai bai yi ƙasa ba.

Da ta tsaya a bakin gareji ta gano wani abu. Ta kashe mota ta cire makulli, amma cajar wayarta da ke cikin soket ɗin laita, ramin nan na kunna sigari, ba ta daina haske ba. Soket kuwa ta san wanda ya sa shi bayan tsohon ya ƙone. Auta ne, ƙaninta ciki ɗaya, mai wayarin motoci a rumfar ƙarshe.

Garejin nan yana da doka tun da wata mota ta taɓa kamawa da wuta a ciki: wanda aka tabbatar ya haɗa waya da ganganci, ya tattara kayansa ya bar rumfa. Auta da mata da ’ya’ya, rumfar nan ce abincinsu. Malama ta sani sarai, amma in ranta ya ɓaci ba ta da birki.

Ta wanke shi tas. Ta ce ita ta goya shi, ashe rainon ragon maza ta yi. Ta ce ko makaho aka ba filaya zai fi shi. Makanikai suka ajiye sifana suka kewaye su. Auta kuwa sai murɗa wata guntuwar waya yake a yatsa.

Mai gareji, dattijo mara son hayaniya, ya sa aka buɗe bonet. Ya bi wata jar waya da yatsa tun daga bayan soket. Ba ta bi ta makulli ba, kai tsaye ta tafi kan batir. An naɗe ta tsaf, an ɗaure, har da fiyus ɗinta daban.

“Wannan ba kuskure ba ne,” in ji shi. “Da gangan ka yi. Wa ya sa ka?”

Auta ya kau da kai.

“To, kwashe kayanka.”

Sai a lokacin Malama ta gane abin da ta jawo. So take ya ji kunya, ba ta so a kore shi ba. Ta ga ya durƙusa yana zuba filaya da gam a buhu, har ya kai hannu zai cire allon rumfar. Ta sha gabansa ta riƙe buhun.

“Kai, don Allah ka yi magana. Wa ya ce ka haɗa ta haka?”

Ya dubi mutanen da ke tsaye, ya dube ta, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

“Yaya, ya sa na rantse. Fanka yake jonawa don zafi, ba ya so ya ƙona miki mai. Tun da aka sallame shi daga aiki, a cikin motar nan mijinki yake wuni har lokacin tashi daga ofis.”