Kujerar Keken Alhaji Sada

Akwai wani mutum a Ƙofar Guga, ya san kansa, shi ya fara yaɗa cewa Alhaji Sada ya fi ƙarfin taka ƙasar Katsina. Bakin nan nasa ko akurki bai taɓa ginawa ba, amma cikin mako guda ya rushe abotar shekara arba'in.

Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Kowane masinja ya sayi Honda, kowane akawu ya hau Besfa, keke ya zama abin kunya. Malam Rabe mai gyaran keke, wanda da ake layi a rumfarsa, ya koma korar ƙuda da sifana. 'Yan majalisar bencinsa ne kawai ba su gudu ba, don inuwa kyauta ce.

Ran Talata da hantsi sai ga Marsandi ta tsaya. Sada ne a baya. Zaure ɗaya suka tashi da Rabe, kuma Rabe ya girme shi da shekara uku. Kwangilar siminti ta kai shi Ikko, daga can aka ji ya yi wata bakwai a Landan. In ka tambayi gidansa, sai su ce harkoki.

Bai fito ba. Gilashi ya sauke, ya miƙo hannu. A Katsina fa, inda ake sauka daga keke a tuɓe takalmi kafin a gai da na gaba!

"Yaya Rabe, kujera kawai nika so ka sa mani. Ta Turawan tauri gare ta. Mai laushi, mai jingina. Sauran kada ka taɓa."

"To sauko in auna ƙafarka."

Sada ya dubi bencin majalisa, kunnuwa shida a miƙe.

"Ba sai ka auna ba."

Direbansa Mamman ya sauke akwatin katako, mota ta tafi. Aka ɓalle akwati, sai ga keke a wargaje, taya uku, kujera can ƙasa-ƙasa kamar gadon asibiti.

Gwadabe mai goro ya tafa hannu. "Keken kwance! Masu kuɗi yanzu ko tuƙi sai a kishingiɗe. Taya uku kuma don kada arziki ya faɗi."

Mutumin nan da na ce ya san kansa ya ƙara gishiri: ai ƙasar garin nan ta yi wa takalmin Landan datti.

Rabe bai yi dariya ba. A gaban mutane aka gaishe shi ta taga kamar mai sayar da rake. Ya rantse sai ya yi aikin da zai sa Sada ya miƙe tsaye ya ce na gode, a gaban waɗannan mutanen dai.

Ya samo kujerar wata Fijo da ta yi hatsari, ya rage mata faɗi, ya cusa sabon soso, ya kai wa baduku ya lulluɓe ta da jar fata. Ya huda ƙarfe huɗu, ya ɗaure da noti. Kwana ɗaya aikin da aka ba shi ya ƙare.

Da ya tsaya nan, da ba ni da labari.

Amma wajen harhaɗa sauran sai ya fara gano shirmen Turawa. Kaca gajera. Feda mulmulalliya kamar ƙotar wuƙa, wace tafin ƙafa za ta zauna a kai? Ƙarfen da ke riƙe da fedar ya ƙi kaiwa gaba inda ya kamata. Kan keke kuwa babu shi sam, sun manta a Landan. Wai waɗannan ne suka mulke mu! Akwai takarda cikin akwatin, da Turanci, ya shimfiɗa ta ya zuba ƙusoshi. Shekara talatin yana wannan sana'a, takarda ce za ta koya masa?

Ya kai wa mai walda aka yanke, aka ƙara bututu, aka miƙe shi gaba. Ya haɗa kaca biyu ta zama ɗaya. Ya ciro feda da kai daga tsohon kekensa Rale na kansa ya ɗora. Awo bai ba shi wahala ba. Shi ya koya wa Sada hawan keke a filin Ƙofar Sauri, ya san zanƙala-zanƙalan ƙafafun nan kamar nasa.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya turo keken har gidan Sada, majalisa na biye kamar 'yan rakiyar ango.

Sada na zaune a zaure bisa kilishi, babbar riga baje kewaye da shi. Nan ma bai tashi ba. Ya daɗe yana duban keken, daga kujera zuwa feda, daga feda zuwa kujera.

"Kujera ta yi kyau, Yaya."

"To tashi ka hau mana, Alhaji. Ko sai an shimfiɗa maka darduma har bakin taya?"

Majalisa ta fashe da dariya. Sada ya bari suka gama. Sannan ya ce a hankali, "Mamman, zo ka ɗauke ni."

Kai ma mai karatu da kai aka yi dariyar nan tun daga taga, in ka isa ka musa. Amma kafin nan ka gaya wa Rabe da me Sada zai taka fedarsa, tunda keken na tuƙi da hannu ne, ƙafafun kuwa duka biyu likitocin Landan sun yanke su daga gwiwa.