Sunaye Goma Sha Ɗaya

A shekarar annobar tari, doka ta ce kowane shago ya riƙa aika wa tsofaffin kwastomominsa saƙon gaisuwa kullum da safe, in ba haka ba a rufe shi.

Ina zaune wajen Baba Ɗanlami tela sai ga jami'a da na'urarta.

"Baba, ka tsallake sunaye goma sha ɗaya."

"'Yata, ni na yanka musu likkafani. Wayoyinsu na hannun matansu."

"Na'ura ba ta cire su ba tukuna."

"To ni ba zan tambayi mai takaba yadda mijinta ya kwana ba."

Ya ɗauko kwaɗon shagon da kansa, ya miƙa mata.

"Ungo. Ki danna da ƙarfi, yana gardama kamar mai shi."