Mai Tsaron Raga

"Ki sakar min yaro ya koma fili!" kocin ya daka min tsawa. Ɗansa ne mai tsaron ragarmu, yanzu aka fito da shi bayan kansa ya daki ƙarfen raga.

Na haska idon saurayin da tocila, na tambaye shi garin da muke. Ya amsa da ƙyar, yana lumshe ido.

"Ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu," na ce. "Ba zai koma ba."

"Ke likita ce ko maƙiyiya? Takanas mai sayen 'yan wasa ya taso daga birnin Belgrade na Turai don ya ga wasansa! Mu da muka buga ƙwallo kai na jini, mutuwa muka yi?"

"Ka kore ni in ka ga dama!"

'Yan kallo suka yi ta zagina. Uban ya ture ni, ya fizgi ɗansa ya tsayar da shi.

Saurayin ya waiga yana duba kujeru. "Baba, ina Mama ta zauna? Ban gan ta ba."

Bara garin nan kaf ya raka ta makabarta.

Uban ya durƙusa, ya fara cire masa safar hannu.