Kwandon Tumatirin Baffa

Ina ɗan shekara sha huɗu wata gajiya ta kama ni, wadda barci ba ya maganinta. Likita ya ce in riƙa takawa kaɗan kullum, in huta tun ban gaji ba. Babana ya rubuta ƙa'idar da ajami, ya liƙa a bango. A wata na huɗu na fara isa bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, da ƙafata.

Can Baffa, wan babana, ya tarar da ni zaune bayan la'asar, ana ɗibar tumatir.

"Ɗan likita, hutawa ake?" in ji shi. "Mu nan Bunkure maganin lalaci kwando ne. Tashi."

"Baffa, an hana ni ɗaukar kaya."

"Wanda ya hana ka, shi ke ci da kai?"

Ya ɗora mini kwandon tumatir. Taku kaɗan na kife cikin tulin ruɓaɓɓen tumatir, tsutsa har a leɓena. Shi kuwa ya duƙa yana tsince na kirkin da suka zube.

Wata biyu na yi ina salla a kwance. Na yafe masa, Allah Ya jiƙansa. Amma ranar da ya rasu aka ce in yi masa wanka, cewa na yi a nemi wani.