Tsohuwar Wayar Baba

Muryar ta sake yankewa ɗif a tsakiyar labari.

"Ta kuma sumewa?" in ji Baba, yana lalubar tsohuwar wayarsa.

Tun da idanunsa suka daina gani, 'yarsa ta rubuta manhajar da ke karanta masa littafi. Sai dai ƙwaƙwalwar wayar ƙarama ce, da manhajar ta cika ta sai tsarin wayar ya kashe manhajar. Yayanta ya ce a canza waya, Baba ya ce yatsunsa wannan suka haddace.

"To, ni da ita ne," in ji 'yar, ta jawo kwamfuta.

Ta hana manhajar haɗiye littafin gaba ɗaya. Ta sa ta ɗauki shafi guda, ta karanta, ta sauke, sannan ta ɗauki na gaba. Ta gwada, abin ya ƙi, ta sake zama.

Da la'asar muryar ta wuce inda take maƙalewa. Hawaye suka gangaro gemun Baba, 'yar ta matso kusa da shi.

"Baba, lafiya?"

"Ashe masuncin labarin nan bai nutse ba! Tun watan jiya na baro shi cikin ruwa, ina ta yi masa addu'a."