Babur ɗin Marigayi Sam

Sau ɗaya na taɓa yi musu tas, ranar da na tarar da Damaris, matar ɗana marigayi Sam, tana dariya da Ishaku makaniki. Na ce babur aka kira shi ya riƙa tayarwa kada batir ya mutu, ba zance ba. Tun daga nan ko gaisawa a tsorace suke yi.

Asabar ɗin nan Ishaku ya tayar da babur ɗin, ya kashe, ya tsaya yana juya makulli a hannu.

"Damaris, tayarwa a tsaye ba ta cika batir, sai an hau an yi tafiya. In ba za a hau ba, gara in cire shi, in daina zuwa."

Ta dube shi, ta saci kallona, ta sunkuyar da kai.

"Cire shi," ta ce. Ya ɗauko sifana.

Wato saboda ni za ta tsufa a tsakar gidan nan.

Na ce, "Kai, ajiye sifanar nan! Ɗana na binne, ban binne ta ba. Ɗauke ta ku zaga har Kakau. Gobe in an tashi coci ka turo manyanka wurina, ni ce uwarta."